Kalangu da goge a tsakiyar jaz da kiɗan na'ura: wa zai bi wani?

Aminu Obalende:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masana. Akwai ƙungiyar makaɗa mai mutum bakwai da za ta ratso Legas a zagayen da take yi. 'Yan ƙasashe daban-daban ne, sun gauraya jaz da kiɗan na'ura da na gargajiya. Kayansu: ganguna irin na Turawa, bes, jita, piyanon lantarki, saksofon, mawaƙiya ɗaya, sai mai kwamfuta. Suna son a haɗa su da makaɗanmu uku daga Agege, mai kalangu da mai kurkutu da mai goge. Wasa biyu ne, ɗaya a zaure mai na'urar sanyi a Onikan, ɗaya a fili a Ikeja. Daga nan za su wuce Kwatano da Akara ta mota tare da makaɗan namu. Kwana biyu kacal aka ware don gwaji. Me ya kamata a shirya, kuma a ina irin wannan haɗin ya fi lalacewa?

Injiniya Rabi'u:
Wa alaikumus salam Malam Aminu. Fara da ƙirga layuka kafin komai, wato hanyoyin sautin da za su shiga mikisa, na'urar da ke haɗa sautin kowa. Ganguna 8, bes 1, jita 1, piyano 2, saksofon 1, kwamfuta 6, muryoyi 3. Kalangu 2, kurkutu 1, goge 1, sai mai gabatarwa 1. Layi 27 ke nan. Mikisa mai layi 32 irin X32 ko M32 ta isa, kuma su ne aka fi samu haya a Legas. Inda za ka takura shi ne monita, wato lasifikar ƙasa ko abin kunne da makaɗi ke jin kansa da shi. Waɗannan mikisoshin bas 16 gare su, wato hanyoyin fitar da haɗin sauti daban-daban, huɗu kan tafi wajen amsa-kuwwa da sauran kwalliyar sauti, saura 12. Mutum goma ne a dandamali. Duk wanda ya ce sai na kunne mai sitiriyo, bas biyu zai ci shi kaɗai. Ka sa su turo takardar buƙatunsu yanzu, a rubuce, a san wa zai haƙura da bas ɗaya.

Kada a yarda mai kwamfuta ya ba da layi biyu kawai. Ya raba: bugun ƙasa daban, bes na na'ura daban, sauran kiɗa biyu, kilik (ƙaran da ke ƙirga bugu a kunnen makaɗi) daban, ɗaya na ko-ta-kwana. In ya haɗe su waje ɗaya, ranar da bes ɗinsa ya danne kalangu ba ka da yadda za ka yi, sai dai ka rage duka.

Baba Lawal Agege:
Injiniya ya faɗi nasa. Ni abin da nake jiye muku shi ne goge. Ku san da me aka yi shi. Ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, aka ɗaura izgar doki ta hau kan jaki, wato ɗan abin da ke ɗaga ta daga fata, bakan ma izga ce, ana goga mata ƙaro don ta kama. Izga da fata duk suna shan laima. In iska ta yi danshi izga takan saki, fata ta yi laushi, jaki ya ɗan nutse, murya ta sauka. In ta bushe sai ta ɗaure, murya ta hau. Legas kuwa kun san halinta, da damina tufafi ma ba sa bushewa. To ga wasa ɗaya cikin na'urar sanyi mai busar da iska, ga ɗaya a fili. Gogen da aka daidaita a Onikan ba shi ne za ku ji a Ikeja ba, ko da hannu ɗaya ne ya riƙe shi.

Kalangu da sauƙi, tunda tsarkiya na ƙarƙashin hammatar mai shi, yana matsawa yana saki yadda ya ga dama. Amma shi ma in fatar ta sha danshi, manyan muryoyinsa na sama ba sa fita, sai ka ji yana magana kamar mai mura.

Sadiya Yaba:
Baba, Allah ya ƙara girma, nan ne ainihin matsalar. Bari in ƙara ta ɓangaren piyano. Piyano da na'ura an raba musu tsani gida 12 daidai wa daida, an kafa su a kan sauti mai lamba 440, wato mai karkarwa sau 440 a sakan ɗaya. Wasu 'yan Turai kan kafa nasu a 442, tazarar ba ta wuce sent 8 ba, sent 100 kuwa shi ne rabin mataki, wato daga maɓallin piyano zuwa na kusa da shi. Goge bai san wannan rabon ba. Yawancin waƙoƙinsa a kan muryoyi biyar suke tafiya, kuma ɗan yatsan mai goge ba ya sauka daidai inda piyano ta sauka. Wata muryar za ka same ta a tsakanin maɓallai biyu, ba nan ba, ba can ba. Wannan ba kuskure ba ne, daɗin kiɗan ke nan. Kuskuren shi ne a ce masa ya gyara.

Abin yi a ranar farko ta gwaji: a bar mai goge ya ja waƙarsa shi kaɗai na minti biyar. A kunna manhajar auna murya a waya, a rubuta muryoyi biyar ɗin da yawan sent da kowacce ta kauce. A maimaita sau uku a ɗauki tsakatsaki, don ba zai taɓa saukowa wuri ɗaya cif ba. Sai mai kwamfuta ya gyara tsanin na'urarsa ya bi wannan lissafin. Yawancin manhajojin kiɗa na yanzu suna karɓar tsani na musamman, wasu ta fayil ɗin Scala, wanda ake rubuta lissafin tsani a ciki. Ranar wasa kuma, rabin awa kafin a fara, a kan dandamalin, a sake auna muryar tushe kaɗai, a ɗaga ko a sauke na'ura gaba ɗaya ta same shi.

Nura Idi-Araba:
Anti Sadiya na yarda da aunawa, amma akwai inda zan ja. In na sauke na'ura sent 30 don ta sami goge, ina saksofon da jita da bes? Jita da bes za su sake ɗaure wayoyi, wannan minti biyu ne. Mai saksofon fa? Zai ja bakin busarsa waje, amma akwai iyaka, in ya wuce ta sai muryoyin sama da na ƙasa su daina jituwa da juna. Ga kuma zafi: kayan busa hawa suke yi in sun ji zafi, goge kuma yana sauka da danshi. A filin Ikeja ɗaya na hawa ɗaya na gangara. Me zai hana a ce mai goge ya ɗaure izgarsa ya kawo muryar tushe kan 440 ɗin kowa ya huta?

Sadiya Yaba:
Ƙanena, abu biyu ka haɗa. Muryar tushe ana iya roƙonsa ya matso da ita, in tazarar kaɗan ce, kuma in ya ce izgar za ta ɗauka. Amma tazarar da ke tsakanin muryoyinsa biyar ba a taɓa ta. Ita nake cewa na'ura ta bi. Kuma ko ya ɗaure da ƙarfe bakwai, kafin ƙarfe tara ya sake sauka. Na'ura kuwa maɓalli ɗaya ne.

Shi mai saksofon, in ɗan jaz ne na gaske, da leɓe zai lanƙwasa murya ya sami goge, aikinsu ne. Wanda zai sha wuya shi ne mai piyano, don hannunsa ya saba cika haɗin sauti da murya huɗu ko biyar, yana canza su a kai a kai. A ƙarƙashin goge wannan ba ya tafiya. Ya zauna a kan tushe ɗaya na tsawon lokaci, ya gina haɗinsa da murya ta huɗu da ta biyar daga tushe, ya bar ta uku, don ita ce ta fi karo da yatsan mai goge. In yana son ya zuba gwanintarsa ta jaz, a ba shi nasa filin lokacin da goge ya yi shiru. Ba dole ne kowa ya yi magana lokaci ɗaya ba.

Kuma don Allah kada wani ya saka wa goge ko muryar mawaƙi manhajar miƙe murya. Za ta riƙa fizgo kowace murya zuwa maɓallin piyano mafi kusa, jan nan mai daɗi da goge ke yi daga murya zuwa murya ya koma tsalle-tsalle.

Baba Lawal Agege:
'Yata ta gane. In izga ta ɗauru fiye da ƙima, silin gashin ɗaya bayan ɗaya suke tsinkewa, muryar ta sirance. Ku sa ya taho da izga ta biyu da ƙaro isasshe. A bar gogen a cikin zauren aƙalla awa ɗaya kafin a auna shi, ya saba da iskar wurin. In a fili ne kuma fata ta saki, a kara ta kusa da ƙwan fitila mai zafi na ɗan lokaci, ana taɓawa da hannu. Ba a kara ta da wuta kai tsaye, tsagewa za ta yi.

Nura Idi-Araba:
To na sallama a kan murya. Amma maganar bugu ba zan sallama da wuri ba. Kiɗan na'ura a kan agogo yake. Maimaita sauti, jerin muryoyin da na'ura ke zubawa da kanta, har fitilu in an haɗa su, duk suna bin lamba ɗaya. In an ce 110 a minti, 110 ne daga farko har ƙarshe. Hanyar da aka sani ita ce a tura kilik kunnen kowa. Ban ga yadda za a yi wasan awa ɗaya da rabi ba tare da shi ba.

Injiniya Rabi'u:
Nura, bari mu yi lissafi. A gudun 110, bugu ɗaya milisakan 545 ne. Na'urar ganga a yadda ta zo tana raba shi huɗu, kowane yanki 136. Kiɗan kalangu da yawa raba shi uku yake yi, kowane yanki 182. Kan bugu kawai za su haɗu, duk abin da ke tsakani karo ne. Mataki na farko, mai kwamfuta ya mayar da jadawalin da na'urarsa ke jera bugu a kai daga gida 16 zuwa gida 12 ko 24. Da yawa ba sa yi, sai su ce makaɗin ne ba ya riƙe lokaci.

Na biyu, ko an raba uku, hannun makaɗi ba ya raba su daidai. Wani yankin yakan ɗan yi tsawo, wani ya gajarta, wannan ɗingishin shi ne ke sa ƙafa ta motsa. Na uku, kiɗanmu yakan ƙara wuta yayin da fage ya yi zafi. Ana farawa a hankali, a ƙare da gudu. Kilik ba ya ƙara wuta. In ka sa shi a kunnen mai kalangu, abu biyu ne: ko ya yi biris da shi su rabu da na'ura a minti na biyu, ko ya bi shi kiɗan ya mutu a hannunsa.

Nura Idi-Araba:
Oga na ji, amma mafita fa? Ba za a ce mai kwamfuta ya naɗe hannu ba.

Injiniya Rabi'u:
A raba waƙoƙin gida-gida. Waɗanda na'ura ce ƙashin bayansu, a tura kilik ga mai gangunan Turawa shi kaɗai. Shi ya saba. Makaɗanmu su bi shi da kunne kamar yadda suke bin kowane abokin kiɗa, kalangu ya yi ta maganarsa a sama. Waɗanda kalangu ke ja kuwa, a kashe kilik gaba ɗaya, na'ura ta koma mai bi. Manhajar kiɗa ta Ableton Live tun daga fitowa ta 11 tana iya sauraron layi ɗaya ta bi gudunsa. A ba ta layin kurkutu, kada a ba ta na kalangu. Kurkutu ne ke riƙe bugu ba ya kaucewa, kalangu kuwa yana shiga yana fita, zai ruɗa ta. Layin ya zama tsaf, makirufo dab da fata, in ba haka ba za ta ji saksofon ta ɗauka bugu ne. A tanadi kuma maɓallin da mai kwamfuta zai riƙa bugawa da yatsa ya gyara gudu in ta ɓata.

Hanya mafi kyau a ganina ita ce ya ajiye jadawalin ya buga na'urarsa da hannu kamar kowane makaɗi. An yi haka a baya. Marigayi Tony Allen, ɗan Legas ɗin nan da ya yi wa Fela kiɗan ganga, ya yi aiki da Jeff Mills, mai kiɗan na'ura na Ditiroyit, a 2018, Mills yana sarrafa na'urar ganga ta TR-909 da hannunsa a kan dandamali, Allen yana kiɗansa yadda ya saba.

Nura Idi-Araba:
In da hannu zai buga, sai a kula da jinkiri tsakanin bugawa da fitar sauti, wanda girman bafa, wato guntun sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, ke kawowa. A gudun samfur 48,000 a sakan ɗaya, bafa 128 milisakan 2.7 ne, 256 kuma 5.3, 512 ya kai 10.7, kuma wannan hanya ɗaya ce, ban da abin da akwatin sauti ke ƙarawa. Sauti a iska yana cin kimanin santimita 34 a milisakan ɗaya, don haka jinkirin 10 kamar ka matsar da makaɗi mita uku da rabi ne. A tsaya a 128. In kwamfutar ta fara ƙas-ƙas, kada a ɗaga bafa, a daskarar da layuka masu nauyi su zama sauti zalla. A kashe wayfay, a ɗora ta kan abin da iska ke ratsa ƙarƙashinsa. A filin Ikeja da rana zafi kaɗai ya isa ya rage mata ƙarfi. Amma ina nan a kan bakana, waƙoƙin da ke da bidiyo a bango dole kilik.

Oga Ɗanlami Mai Wuta:
Duk wannan zancen sai da wuta. Malam Aminu saurara da kyau. Wutarmu bolt 230 ce, zagaye 50. 'Yan Turai ba su da matsala sai ta filogi, nasu mai ƙafa biyu zagayayyu, namu mai ƙafa uku irin na Ingila. Kada a cusa nasu cikin soket ɗinmu da ƙarfi, zai shiga amma wayar ƙasa ba za ta haɗu ba. A sayi jerin soket irin nasu, a sa masa filogi mai ƙafa uku da fis. Kasuwar Alaba akwai su.

'Yan Amurka su ne abin tsoro, nasu 120 ne, zagaye 60. A duba bayan kowane kaya. In an rubuta 100 zuwa 240, lafiya. In 120 kaɗai aka rubuta, kamar tsofaffin amfilifayar jita, sai da taransifoma mai sauke wuta, mai ƙarfin ninki biyu na abin da kayan ke ci. Kuma taransifoma bolt take saukewa, ba ta canza zagaye. Tsohuwar ogan ta Hammond, mai maɓallai kamar piyano, da aka yi wa zagaye 60, in ka ba ta 50 injin da ke cikinta zai rage gudu, 440 ya koma wajen 367, ya sauka sama da rabin mataki uku. In suna da irinta su bar ta a gida.

Wasan fili kada a dogara da wutar gari, a hau janareta tun daga gwajin sauti har ƙarshe. Lissafi: janareta mai kVA 60 kilowat 48 yake bayarwa, kada a ɗora masa fiye da kashi 75 cikin ɗari. Nauyin kilowat 30 zai sha dizal wajen lita 8 a awa, awa shida ka tanadi lita 50 da ɗoriya. In akwai hali, janaretan sauti daban, na fitilu da na'urar sanyi daban. In ɗaya ne, a ware wa sauti fes nasa, wato reshen wutarsa daban. Duk lokacin da kwamfuresar na'urar sanyi ta tashi wuta takan yi ƙasa, mikisa ta dijital ta mutu ta sake tashi, kuma kafin ta dawo jama'a sun gama juyowa suna kallon injiniya. Saboda haka mikisa da kwamfuta da akwatin sauti a ɗora su kan UPS, na'urar riƙe wuta, irin wanda kullum ta batir yake ba da wuta, mai kVA 2. Ƙaramin nan na ofis da ke jira sai wuta ta ɗauke ya canza, sau da yawa ba ya jituwa da janareta, sai ya yi ta kai da komo.

A kafa sandar ƙasa kusa da janareta, a jiƙa wurin, a sa abin katse wuta na miliyam 30. Kafin kowa ya hau, a sa mita tsakanin wayar jita da jikin makirufo. In ta nuna wuta, ba mai hawa sai an gano dalili. Rai ake magana.

Injiniya Rabi'u:
Oga Ɗanlami ya gama magana. Ƙari ɗaya: in an ji gunji a lasifika da an jona kwamfuta, a bi ta akwatin DI, wanda ake sakawa tsakanin kayan kiɗa da mikisa, a danna maɓallin katse ƙasa da ke jikinsa. Kada a cire ƙafar ƙasa ta filogi, yadda wasu yara ke yi. Amfilifaya ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa.

Makirufon kalangu: mai shi ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka na kan sanda ba ya yi. A maƙala ƙarami mai lanƙwasa a bakin ganga, yatsa huɗu daga fata, ta gefen da makaɗi ba ya bi, kuma kada maƙalin ya danne tsarkiya. A mikisa a yanke sautin da karkarwarsa ke ƙasa da 80 a sakan ɗaya. Kada a sa masa ƙofar da ke rufe sauti in ya yi ƙasa, don jan da yake yi bayan bugu nan maganar take, ƙofa za ta datse ta. Goge kuma kada a liƙa komai a kan fatarsa, zai dushe. Makirufo ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga jikinsa. Yana da kaifi tsakanin 2,000 da 4,000, a ɗan rage in ya soki kunne, amma kada a kankare shi har ya koma bayolin. Makaɗanmu a ba su monita ta ƙasa, a ajiye ta bayan makirufo don kada ta yi kuka. In aka matsa musu da na kunne za su cire ɗaya, su ƙara ƙarar ɗayan, kunnen ya cutu.

Baba Lawal Agege:
Akwai abin da ba na waya ba ne. Kalangu magana yake yi. Take ne, kowanne da mai shi, wani na mahauta, wani na 'yan dambe, wani na mutum guda da zuriyarsa. Goge ma akwai kiɗan da na bori ne. Baƙo zai ji ya yi masa daɗi ya ce a maimaita, bai san abin da aka faɗa ba. A tambayi makaɗan a gaban kowa: wannan na wane ne, ya dace da wannan fage? Kakaki kuwa in sun nemi a kawo, ku ce a'a da ladabi. Na sarakuna ne.

Sadiya Yaba:
Kuma wannan ya shafi mai kwamfuta kai tsaye. Hausa da karin sauti take rarrabe ma'ana. Kalmar wuya, in wuyan jiki ne daga sama murya ke saukowa, in wuyar rayuwa ce daga ƙasa take hawa. In ya ɗauki jimlar kalangu ko ta mawaƙi ya ɗaga ta gaba ɗaya, ma'ana na nan. In ya yayyanka ta ya sauya jerin, ko ya juya ta baya, ya rushe maganar, wataƙila ma ya ƙera wata da ba a so. Ita ma mawaƙiyar tasu, in za ta karɓi amshi da Hausa, ta bi hawa da saukar jagora. Salon nan na jaz inda murya ta biyu ke hawa yayin da ta farko ke sauka ba ya yi da baitin Hausa.

Hajiya Zainab Ikoyi:
Bari in shigo da takardu. Najeriya ba ta cikin tsarin kundin ATA da makaɗa ke yawo da kaya da shi a Turai, don haka sai an nemi izinin shigo da kaya na wucin gadi daga kwastan, da jerin kayan da lambar jikin kowanne da kimarsa. Mafi sauƙi su zo da abin da hannu zai ɗauka, ganguna da amfilifaya a yi haya a nan. Bizarsu ta zama wadda ta yarda da aiki, kowa da katin rigakafin shawara. Batir na litiyam a jakar hannu, har wat-awa 100 ba tambaya, daga nan zuwa 160 sai da yardar kamfanin jirgi. Akwati ɗaya kada ya wuce kilo 32.

Makaɗanmu ba sa bukatar biza zuwa Binin da Togo da Gana, amma sai da takardar tafiya ta ECOWAS ko fasfo, da katin shawara. Abin da ake mantawa shi ne fatar guza. Tana cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido, ƙetare iyaka da ita na bukatar izini daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. A fara nema da wuri, ko a sa a rufe wani gogen da fatar akuya don tafiya.

Baba Lawal Agege:
Hajiya, fatar akuya za ta yi kiɗa, amma muryar ba ɗaya ba ce, ba ta da wannan ƙarfin. In za a yi haka a ba shi gogen tun mako biyu kafin tafiya hannunsa ya saba, kuma a sake auna shi daga farko yadda Sadiya ta ce.

Hajiya Zainab Ikoyi:
Haka ne Baba. Sai maganar haƙƙi, wadda ta fi damuna. Makaɗin gargajiya da liƙi yake ci. A zauren da aka shiga da tikiti ba mai tasowa ya yi masa liƙi, dokar Babban Banki ta 2007 ma ta hana watsa naira. Ladan da za a ba shi dole ya rufe wannan gurbin. A rubuta kuɗi uku daban: na kwanakin gwaji, na kowane wasa, da na ɗaukar sauti. In mai kwamfuta ya ɗauki kiɗan goge zai ci gaba da amfani da shi bayan sun bar Legas, wannan ciniki ne na dabam, da sunan mai shi a jiki da kasonsa a rubuce. A karanta musu yarjejeniyar da Hausa kafin su sa hannu, a gaban wanda suka amince da shi. Sunayensu su hau takardar talla kamar na kowa, kada a rubuta "da makaɗan gida" kawai.

Aminu Obalende:
Allah ya saka da alheri, na ɗauki duka. Tambaya ta ƙarshe, yaya zan raba kwana biyun nan?

Injiniya Rabi'u:
Safiyar farko ba lasifika, ba kwamfuta. A zauna da'ira, makaɗanmu su yi nasu, baƙi su saurara, Sadiya ko wani ya auna goge. Bayan azahar a shigo da bes da ganguna kaɗai. Na'ura sai da yamma, bayan an gyara tsaninta da jadawalinta. Rana ta biyu a bi jerin waƙoƙin daga farko zuwa ƙarshe sau biyu, da monita irin wadda za a yi wasa da ita. Waƙa huɗu ko biyar na haɗin gwiwa sun isa, kada a yi kwaɗayin goma. A tsayar da alamar ƙarewa wadda kowa zai gane, jimla ɗaya ta kalangu da in ta fito kowa ya san saura zagaye ɗaya, don makaɗanmu ba ƙirga bugu suke yi ba, baƙin kuma ƙirgawa suke. A sa lokutan salla cikin jadawali tun farko. Ranar wasan Onikan motar kaya ta haye gadar Third Mainland kafin gari ya waye, mutanen Agege su ma a kwaso su da wuri, gwajin sauti na mutum goma ba ya yin ƙasa da awa biyu.

Nura Idi-Araba:
A ba mai kwamfuta awa ɗaya shi da mai kurkutu kaɗai a daren farko, su gwada bin gudun nan daga 100 zuwa 125 a ga inda take sakin layi. In ta saki fiye da sau ɗaya a waƙa, a koma bugawa da yatsa.

Oga Ɗanlami Mai Wuta:
In wasan Ikeja ya faɗo tsakanin Afrilu da Yuli, ko Satumba da Oktoba, rumfa ta rufe har wurin mikisa, duk mahaɗar waya a ɗaga ta daga ƙasa a kan katako. Malam Aminu turo mini jerin kayan da wat ɗin kowanne in fitar maka da girman janareta da kaurin waya.